Sunan Baƙuwar Likita

A wata makaranta a Safana Nurain ya fara ganin Khaula, kuma dariya take masa. Shi ne mai gabatar da baƙi a tarukan Batsari da kewaye, ranar yana gwajin sunayen likitocin ido da za su zo daga ƙasashen waje. Da ya zo kan Dakta Nguyen sai ya tauna sunan kamar tsakuwa a shinkafa.

Khaula, malamar Turanci, ta kare baki da hijabi. Ta ce mahaifinta Malam Ɗantsoho ba ya barin ɗalibi ya ɗauki harafi daga takarda, sai daga bakin malami. Don haka, in ji ta, gara ya nemi mai sunan ta faɗa masa.

Daga nan saƙonni suka ɓarke.

"Malamata, na yi ta maimaitawa har Inna ta tambaya ko lafiya."

"Sake dai, ɗalibina. Sunana kaɗai ka iya."

Da magabatansa suka je nema masa aurenta, Malam ya ƙi. Ashafa mai shagon atamfa, wanda shi ma yake neman aurenta, ya riga ya kai gulmar cewa yaron ɗan surutu ne, duk abin da ya zo bakinsa shi yake zubawa a lasifika. Khaula ta sha kuka, har abinci ya gagare ta.

Ranar duba ido, Malam na cikin layi. Yana kallo Nurain ya rusuna gaban tsohuwar likitar, ya roƙe ta ta faɗi sunanta. Ya kalli bakinta, ya maimaita, ta gyara, ya sake, har ta gyaɗa kai. Da ya kira ta a lasifika sai ta dafe ƙirji, ta ce tun zuwanta ƙasar nan yau aka fara kiran ta daidai.

Malam ya yafito shi. "Wanda ya rusuna don kada ya ɓata sunan baƙuwa ba zai ɓata na 'yata ba. Ka turo manyanka."

Bayan girbin gero aka ɗaura. Sanƙira ya dage ya sanar da auren Nurain da "Kaula". Ango ya manta da kunya, ya miƙe tsam ya gyara masa. Malam ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce Allah ya yi musu albarka, jama'a suka amsa da amin.