Katantanwar Auta

Ana kiran sallar magariba dutse na farko ya sauka a kan kwanon rufi. Inna na alwala, ta tsaya da buta a hannu. Na biyu ya biyo baya, daidai saman ɗakin autanta, wanda bai daɗe da rasuwa ba.

Masunci ne. Wata rana ya tsinci katantanwar teku mai tsini, mai zane kamar an yi mata lalle, ya zura a aljihu zai kawo wa matarsa. Ashe da mai gida a ciki. Irin wannan halitta ce da ke harbin kifi da dafi kafin ta haɗiye shi, kuma ba ta tambaya ko kifi ne. Ta harbe shi, numfashinsa ya tsaya kafin a kai shi asibiti. Ƙwanson ya iso gida cikin kayansa, matar ta wanke ta ajiye a gefen filo.

Jifan ya fara ne a makon da Yaya, babban ɗan Inna, ya sa aka sauke tsakuwa a tsakar gida, don zai mai da ɗakin autan shago. Kowa ya yarda aljanu ne. Inna dai ta lura aljanun ba sa wahalar zuwa da nasu duwatsun.

Rannan da yamma matar auta ta faɗi, muryarta ta koma ta ƙato. Aka kira Malam. Ya yi karatu har ya jiƙe da gumi, sannan ya tambayi sunan baƙon da ya shiga jikinta da abin da ya kawo shi.

Baƙon ya ce daga teku yake, katantanwar gidansa ce.

"Ku kuka raba ni da ɗakina," in ji shi. "Ita kuma ku bar mata nata."

Yaya ya ce ya riga ya yi magana da magina. Malam ya ƙara karatu, ya ƙara hayaƙi. Baƙon ya sauko, ya ce a bar mata ɗakin shekara ɗaya, daga nan ya sauko zuwa ƙarshen takaba. A ganin Inna, duk tsawon zamansa a teku bai koyi ciniki ba.

"Kin ji, Inna?" muryar ta ce, kuma wannan karon ba ta yi kauri sosai ba.

Inna ta dubi ƙasa. Matar ta yi atishawa, Malam ya ce ai baƙon ya fita.

Aka damƙa wa Inna ƙwanson don ta jefa a ruwa. Ta jefa shi a ƙasan akwatinta.

Takaba ta ƙare, matar ta tafi da jaka ɗaya, magina suka fasa bango. Da magaribar ranar dutse ya sake sauka a kan kwano. Yaya ya fito a guje, bai ga kowa ba sai uwarsa zaune kusa da tsakuwa, tana jan carbi da hannun da ya yi ƙura.