Dabinon da Ya Nutse Cikin Ƙasa

A wani gari can, an yi wata yarinya, Hansatu, wadda ta koyi gina shafin intanet da JavaScript. Tun daga nan ba ta da magana sai, "Kwamfuta ba ta kuskure."

Ran nan dabinon gidansu ya nuna, tsuntsaye suka far masa. Kakanta ya ce ta auno tsawonsa, kafinta zai haɗa tsani. Hansatu ta ja baya mita goma, ta auna kusurwar hangen kan bishiyar, digiri talatin. Ta sa talatin cikin Math.tan na JavaScript, mai fitar da tanjan, lissafin gano tsawo daga kusurwa, ta ninka da goma. Amsa ta fito: mita sittin da huɗu ƙasa da sifili.

"Kwamfuta ba ta kuskure," in ji ta, murya ciki-ciki.

Kaka ya ce, "To Malama, a sallami kafinta, a kirawo mai haƙa rijiya."

Hansatu ta koma ta karanta bayanin Math.tan da ta tsallake lokacin koyo. Ashe Math.tan radiyan yake karɓa, wani ma'aunin kusurwa daban, ba digiri ba. Ta mai da digiri talatin ɗin zuwa radiyan, sai ga kusan mita shida.

Kaka ya ce, "Kwamfutar ce ta yi kuskure?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a Kaka, ni ce."

Ya ce, "To, dabinon farko naki ne."