Saƙon da Aka Yanke

Da hantsi Malama ta jingina wayarta da gwangwanin madara a kan teburi, ta goge ɗan allonta, ta gyara mayafi. Tun da ta auri mai walda ta tare a gidansu na gado, aikinta ke nan: ta ɗauki darasin lissafi a bidiyo, ta tura guruf ɗin da ta buɗe wa masu shirin jarrabawa. Mijin ma da hannunsa ya ƙera wa allon ƙafafun ƙarfe.

Ba ta kai rabin darasi ba aka banko ƙofa. Yaya Babba ne, wan mijinta, idanunsa jawur, Inna surukarta na biye da shi.

"Munafuka! Ashe karatun da kike koyarwa ke nan?"

Ya danna wayarsa. Muryar wani namiji ta fito: "Malama, wallahi ina son ki..." Sai ta yanke.

"A majalisa aka kunna mini wannan, ana yi mini dariya!"

"Yaya, don Allah ka tsaya ka ji, saƙon bai..."

Tas! Marin ya watsar da ita gefen gado, leɓenta ya fashe. Ya fizgi wayarta ya maka da ƙasa, ya bi ta da dunduniya har ta yi raga-raga. Ya ɗaga allon ya buga da bango.

"Ƙara mata!" in ji Inna. "Dama na ce matar da ke onlayin safe da yamma ba matar aure ba ce!"

Ihun ya kai shagon walda da ke bakin layi. Mijin ya shigo a guje, ya tarar wansa ya damƙi gashin Malama yana jan ta zuwa ƙofa.

"Yaya, sake ta! Matata ce!"

Suka kacame. Teburi ya kife, madubi ya tarwatse. Yaya Babba ya rarumo ƙafar allon ya sauke wa ƙaninsa a ka. Jini ya yi tsartuwa. Mai walda ya sulale ƙasa, Malama ta faɗa kansa tana danne raunin da mayafinta, tana kiran sunan Allah. Sai a lokacin Inna ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

A asibiti aka yi masa ɗinki. Da ya farfaɗo, Inna ta matso tana share hawaye.

"Ka ga abin da ta jawo mana? Ka sallame ta kawai."

Shi kuwa wayarsa ya laluba a aljihu.

"Inna, ni ma ina cikin guruf ɗin. Ku ji saƙon har ƙarshe."

Muryar ta sake fitowa: "Malama, wallahi ina son ki maimaita mana darasin rabawa. Na tsufa, kaina ya yi tauri, jikokina dariya suke yi mini."

Ashe mai muryar wani dattijon direba ne da ya koma karatu da furfurarsa. Wani ɗan sharri ne ya datse maganar ya yaɗa. Inna ta rufe fuska da zani. Yaya Babba da ke tsaye bakin ƙofa ya zube a ƙasa.

Mahaifin Malama ya iso a fusace. "Tashi mu tafi gida! Shi kuma wan mijin naki yau a hannun 'yan sanda zai kwana."

Ta dubi mijinta, kansa naɗe da bandeji, har yanzu yana riƙe da hannunta. Hawaye suka zubo mata.

"Baba, ka yi haƙuri. Mutumin da ya zubar da jininsa saboda ni ba zan bar shi a gadon asibiti ba. Yaya kuwa na yafe masa, amma da sharaɗi: inda aka ɓata ni, a can zai wanke ni."

Haka aka yi. Yaya Babba ya tsaya gaban kyamara, ya faɗi abin da ya aikata da bakinsa, aka tura guruf da majalisa. Dattawan gida kuma suka yanke cewa ba zai ƙara taka ɗakinta ba sai da izini.

Malama ta koma darasi da wayar mijinta tun bakinta bai gama warkewa ba. Ɗalibai suka ninka. Da sakamakon jarrabawa ya fito, har da 'yar Yaya Babba cikin ɗalibanta da suka ci. A ranar, Inna da kanta ta shigo, ta kama hannunta ta ce, "'Yata, ki yafe mini."

Mai walda ya yi murmushi. "Malamata, ni kuma yaushe za a sa ni a aji?"

Waya takan ɗauko ilimi, takan ɗauko ƙarya. Duk wanda ya ji rabin zance ya ɗaga hannu, jinin ɗan'uwansa zai zubar kafin gaskiya ta iso. Mai haƙuri kuwa, ko an daɗe, Allah yana wanke shi a gaban jama'a.