Jinin Jemage Don Rawiya

Ana gobe sunan jikata Rawiya, da la'asar sakaliya, na ɗauki buhu da fitila na nufi tsohuwar hasumiyar tantabaru da ke bayan gonar auduga. A ƙauyenmu na bakin Nilu, jaririya sai an shafa mata jinin jemage don kada gashi ya fito mata a jiki. Uwata ta yi mini, ni ma na yi wa 'yata Ni'imat.

"Inna, don Allah ki bari," in ji Ni'imat daga kan gado. "Tantabarun can mura ce ta ƙarar da su bara."

"Ke da kika haihu kwana shida za ki koya mini reno? Dubi hannunki, sumul kamar ƙwai. Aikin wa?"

Na fice. Taurin kai gadona ne.

Cikin hasumiyar warin kashi da ruɓaɓɓen gashin tsuntsu ya tare ni. Kowane ramin tantabara da jemage a rataye. Ba motsi. Na miƙa hannu na cafko ƙarami, jikinsa zafi rau, hancinsa na yoyo.

Sai aka yi tari a sama.

Tarin mutum. Na mace.

Na ɗaga fitila. Idanun jemagu kawai.

"Nabawiyya," aka kira sunana cikin raɗa. "Shi ma kwanansa shida."

Na dubi ɗan jemagen da ke hannuna.

"Ajiye shi. Ba shi da lafiya."

Na yi a'uziyya, na danna shi a buhu, na ruga. Fukafukai suka bi ni suna dukan mayafina har bakin rafi. Ana kiran magariba na faɗa gida da takalmi ɗaya.

Na ɗauka barazana aka yi mini, na kuma tsira. Na yanka ɗan jemagen, na shafe Rawiya da jininsa, har da waƙa.

Bayan kwana uku jikinta ya ɗau zafi. Ga tarin nan, irin wancan. Likita ta ce murar tsuntsaye ce, ta tambaya ko an kai yarinyar kusa da kaji ko agwagi, wai har jemagu yanzu ana zargi. Ni'imat ta juyo ta dube ni. Shekara biyu ke nan ba ta sake kirana Inna ba.

Ni na yi wa Rawiya wankan ƙarshe. Fatarta sumul.

Kullum da magariba uwar ɗan jemagen nan takan rataya a tagata, shiru. Ba na korarta. Ba ramuwa ta kawo ta ba, ai ta gaya mini gaskiya tun farko. Mukan zauna mu biyu har duhu ya rufa. Ita ta rasa ɗaya, ni na kashe biyu.