Tagar da Ba a Wanke Ba

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka bugo waya caji ofis, wai an sace awarwaron zinare a hawa na huɗu na wani ginin ofisoshi, kuma har an kama ɓarawon. Sufeto ba ya son aikin da aka riga aka gama masa. Sai da ya shanye shayinsa tukuna ya ce wa Kofur ya tada mota.

Wanda aka kama ɗin dattijo ne, yana zaune a bayan motarsa mai tankin ruwa, masu gadi biyu sun sa shi a tsakiya. Mai Gora ake ce masa, saboda doguwar sandar da yake zugewa gaɓa-gaɓa har ta kai saman bene, da buroshi a kanta da siririn tiyo mai feso ruwa. Shekara goma sha ɗaya yana wanke tagogin ginin daga ƙasa. Manajan ginin ya riga ya gaya masa cewa in zargin ya tabbata, duk layin sai sun ji. Mai wankin taga da aka kira ɓarawo kuwa sana'arsa ta ƙare.

"Baba, ka wanke hawa na huɗu yau?" in ji Sufeto.

"Na wanke, ranka ya daɗe. Duka."

Ƙasa yake kallo, hannunsa na hagu yana matsa kafaɗar dama.

A sama suka tarar da Lauya, mai ofishin, ta yi tagumi. Ta ce takan cire awarwaron in za ta yi rubutu don kada ya karce gilashin teburinta, yau kuma ta manta shi ta tafi kotu.

"Ba tsadarsa ce ta dame ni ba, Sufeto. Shi kaɗai ya rage min na mahaifiyata."

Akawunta, wanda ƙanin mijinta ne, bai jira an tambaye shi ba.

"Yallaɓai, ina ba furanni ruwa a ɗakin jira na ji motsi. Ina leƙowa na ga kan sandar yana fita ta taga. Ga ma ruwan da ya ɗiga."

Ya nuna wasu fararen ɗige-ɗige da suka bushe a kan teburin, tun daga bakin taga har inda awarwaron yake. Sufeto ya kankare ɗaya da farce, ya ji shi gari-gari kamar alli. Ya jawo tagar, ya shafa bayan gilashin da yatsa. Yatsan ya dawo baƙi ƙirin.

A hanyar fita ya tsaya wajen furannin. Ganyensu ya yi laushi, ƙasarsu ta bushe ƙarau, butar ban ruwa kuma ba ko ɗigo a cikinta. Sai ya sauka.

"Baba," ya ce, ya nuna wa Mai Gora yatsansa, "wannan ƙurar ta fi wata. Me ya sa ka yi min ƙarya?"

Dattijon ya dafa kafaɗarsa ta dama.

"Kafaɗa ce. Tun watan jiya, in na zuge sandar ta wuce hawa uku, sai hannun ya mutu. In manaja ya ji, zai ce na tsufa."

"Ka gwammace a ce ka yi sata da a ce ka tsufa?"

"Ban yi zaton abin zai kai nan ba."

Sufeto ya ji tausayinsa, amma bai nuna ba.

"Ruwanka yana barin tabo in ya bushe?"

Nan take dattijon ya miƙe zaune, kamar an zagi iyayensa.

"Haba, ranka ya daɗe. Ruwana? Matatar ruwa uku yake bi kafin ya shiga tanki. Ba gishiri, ba ƙasa, ba komai. Shi ya sa ba na goge gilashi da tsumma, barinsa nake ya bushe da kansa. Ruwan famfo ne ke barin fari-fari."

"To cika min kofi ɗaya, ka biyo ni."

Aka taru a ofishin Lauya, har da manaja. Sufeto ya ɗiga ruwan tanki a gefe ɗaya na teburin, ya sa Kofur ya ɗebo na famfo ya ɗiga a ɗaya gefen, inda rana ke bugawa. Sannan ya ja kujera ya zauna.

"Me muke jira, yallaɓai?" in ji akawun.

"Shaida. Ba ta da sauri, amma za ta zo."

Kofur ya yi hamma sau biyu. Akawun ya duba agogo ya fi sau biyar. Da ruwan ya bushe, gefen famfo ya fito da fararen ɗige-ɗige, sak irin na farko. Gefen tanki kuwa tas, kamar ba a taɓa jiƙa shi ba.

Sufeto ya juya wajen akawun.

"Ka ce furanni kake ba ruwa. Furannin suna jin ƙishi, butar kuma ba komai. Ina ruwan ya tafi?"

"Yallaɓai, wataƙila zafi ne..."

"Kofur, duba min tukwanen furannin nan. Ka fara da wadda aka tona."

Ba a yi minti biyu ba Kofur ya dawo da awarwaron, ƙasa ta maƙale a jikinsa. Lauya ta karɓa, ta riƙe shi da hannu biyu, ta dubi ƙanin mijinta.

"Ni na kawo ka nan. Ni na ba ka makulli."

"Anti, ki yafe min." Muryarsa ta dushe. "Na gan shi a tebur, na leƙa na ga tsohon a ƙasa da sandarsa, na ce ga wanda za a ɗora wa. Na yayyafa ruwan don a yarda. Ban san ruwa yana da bambanci ba."

"Shi ya sani," in ji Sufeto, yana nuna Mai Gora. Kofur ya sa wa akawun ankwa, ya tasa shi gaba.

Manaja ya yi gyaran murya, ya dubi Mai Gora.

"Sata dai ba ka yi ba, Baba. Amma hawa na huɗu fa?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. Sufeto, da ya riga ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya jawo tagar da yatsa ɗaya har bayan gilashin ya shigo cikin ɗaki.

"Ciki take buɗewa. Sanda ce ba ta kaiwa, matakala tana kaiwa."

"Daga yau ya riƙa hawowa," in ji Lauya. "Makullin da na karɓe yanzu, shi zan ba."

Mai Gora ya sauka ya hawo da bokitin ruwansa da ƙaramin buroshi. Ya wanke tagar a tsanake, ya bar ta ta bushe da kanta, sannan ya tsaya yana kallon rufin gidaje da titi can ƙasa, inda motarsa ta koma 'yar mitsitsiya. Shekara goma sha ɗaya yana wanke wa wasu wannan gilashin, ranar ce ya fara ganin abin da ake gani ta cikinsa.