Hoton Stanka a Bakin Ƙofa

Ranar Talata da hantsi wata tsohuwa ta shigo ofishin 'yan sanda na garin Gabrovo, ta ce an yi mata sata. Samarin da ke kan kantar ofishin suka yi ta tura wa juna ita har ta faɗo hannun Sufeto Zahari Minchev, wanda kowa ya san ba ya iya korar tsoho.

"Me aka sace, Iya?"

"Takardar rasuwar ƙawata Stanka. Sau huɗu ina liƙawa a ƙofarta, sau huɗu ana cirewa."

"Wataƙila iska ce."

"Iska a hawa na uku, cikin bene? Ɗan nan, wa ya ba ka wannan kujerar?"

Sunanta Ginka, kuma shekara arba'in da ɗaya ƙofarta na kallon ta Stanka. A garin, in mutum ya rasu, sai a buga hotonsa da ranar rasuwarsa a liƙa a ƙofar gidansa, a sake liƙawa ranar arba'in. Stanka ta rasu ne a ƙauye wurin ƙanwarta. Ɗan Stanka ɗaya tilo yana ƙasar Sifen, ko waya ba ya ɗauka, don haka Ginka ta ɗauki wannan nauyin a kanta. Ta ciro ɗaya daga cikin ragowar takardun ta danƙa wa Sufeto, ya ninke ya sa aljihu.

Da ya je gidan Stanka, sai ya tsaya yana karanta ƙofar. Wuri uku an ɓamɓare salatif a hankali, ko ƙwarzane babu. Wuri na huɗu kuwa fizge takardar aka yi, har farce ya kankare fenti.

Wadda ta buɗe masa nas ce mai suna Rumyana Doneva, siririya, idanunta sun faɗa. Sati uku ke nan da tarewarta, kuma shi ne gida na farko da ta mallaka a duniya.

"Ni ban taɓa ganin wata takarda ba," ta ce, tana kallon takalminsa.

"Wa ya sayar miki da gidan?"

Nan fuskarta ta ɗan saki. "Dobrin Kolev, dillali. Wata takwas yana yawo da ni, gida goma sha tara muka duba, bai taɓa nuna gajiya ba. Ni ban san komai ba, ranka ya daɗe. Shi ya koya mini in buɗe famfo in ga ƙarfin ruwa, in leƙa bayan kabad saboda danshi. Har yanzu yakan biyo ya ji ko ina buƙatar wani abu."

"Kin ga mai gidan da idonki?"

"Ba ta da lafiya lokacin. Shi ya sa hannu a madadinta, ta ba shi takardar wakilci."

Ofishin Dobrin na kusa da kasuwa, tagarsa cike da hotunan gidaje. Mutum ne mai fara'a, irin wanda zai haɗa maka kofi tun kafin ya ji sunanka.

"Benen nan? Rabona da shi tun ranar da na miƙa makulli," in ji Dobrin.

"Yaushe Stanka ta rasu?"

"Ƙarshen Maris, ina ji. Bayan an gama ciniki dai. Allah ya ji ƙanta."

"Wace rana aka yi cinikin?"

"Sai na duba, yallaɓai. Takardun suna da yawa."

Sufeto ya bar kofin bai taɓa ba. A wani benci bakin kogi ya zauna ya warware takardar aljihunsa. Wata tsohuwa mai ɗankwali tana murmushi, a ƙasan hoton an rubuta uku ga Maris.

Ya san doka sarai. Wakilci yana mutuwa ne tare da wanda ya ba da shi. In har Stanka ta rasu kafin cinikin, to babu ciniki, kuma nas ɗin nan ba ta da gida.

Shi kansa sai da ya shekara arba'in da biyar yana gidan haya, bai manta ranar da matarsa ta riƙe makullinsu na farko tana kuka ba. Satar takarda ce kawai aka kawo masa. Yana iya rubuta cewa ba a gano kowa ba, ya rufe fayil, babu mai tambayarsa. Gaskiya ita ce ya so ya yi hakan, kuma ya daɗe a kan bencin yana jin kunyar kansa.

Washegari da safe ya tarar da Rumyana a bakin ofishinsa, cikin kayan aiki. Ta ajiye takardu biyu a kan tebur. Ɗaya ta rasuwa ce, a cukuikuye. Ɗayar ta cinikin gida ce, da hatimi, tara ga Maris.

"Ƙarya na yi maka jiya. Ni na fizge ta huɗun. Na dawo daga aiki na ga ranar rasuwar, na shiga na duba tawa takardar, na fito na yage ta kamar mahaukaciya."

"Kin san abin da zai biyo baya in na sa wannan a fayil?"

"Na sani. Amma kullum Iya Ginka sai ta ƙwanƙwasa mini da miyar wake, tana ce mini 'yata, tana ba ni labarin ɓarawon da ya hana ƙawarta hutawa. Na kasa haɗiye miyar."

Kafin azahar aka kawo Dobrin. Ya shigo da fara'arsa, ya ga Rumyana, ya ga takardun biyu a jere, sai ya nemi kujera.

"Ka ce rabonka da benen tun ranar makulli," in ji Sufeto. "Ita kuma ta ce kana biyowa. Me kake zuwa dubawa, famfo ko ƙofa?"

Dobrin ya ce, "Kwana shida ne kawai tsakani. Stanka ta yarda ta sayar, da bakinta. Ƙanwarta ta bugo mini cewa ta cika, labarin bai iso ofisoshin gari ba tukuna. Da na faɗa, gidan ya koma hannun ɗan nan da bai zo jana'iza ba. Na cire takarda uku, na zaci tsohuwar za ta gaji." Ya juya wajen Rumyana. "Na ga yadda kika tsaya a tagar nan ranar farko. Ban so ki rasa shi ba."

"Kuɗin gidan fa?" Sufeto ya tambaya. "Sun isa wurin ɗanta?"

Dillalin ya sunkuyar da kai. "Na yi niyyar mayarwa."

Rumyana ba ta zage shi ba. Cewa kawai ta yi, "Ni na riƙa tura abokan aikina wurinka."

Wani kurtu ya sa masa ankwa ya fita da shi. Har ya ɓace a ƙarshen baranda bai waiwayo ba.

"Ɗan Stanka zai karɓe gidan?" Rumyana ta tambaya.

"Kotu za ta soke cinikin. Zai ɗauki watanni, amma nan za a ƙare. Ki nemi lauya tun yau."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki jakarta, ta kai bakin ƙofa ta tsaya.

"Ranar Lahadi babana zai zo daga ƙauye. Bai taɓa ganin gidan ba. Tun hunturu yake sassaƙa mini allo da sunana, na kafawa a ƙofa. Shekararsa saba'in da takwas. Me zan ce masa?"

Sufeto Minchev ya tattara takardun biyu ya sa a fayil. Tausayinta ya cika masa ƙirji har ya kasa kallonta.

"Ba komai," ta ce a hankali. "Zan bar shi ya kafa."