Hoton Zungeru

"Yaya Kabiru, kashe shi za ka yi!"

Nusaiba ta ƙwalla ƙara, ta faɗa kan Haisam da ke durƙushe a ƙofar gidansu a Gyadi-Gyadi. Bel ɗin da Kabiru ke dukansa da shi ya sauka a gadon bayanta, zafin har ƙwaƙwalwa, amma ko gezau.

"Matsa, ko in haɗa da ke!"

Jini ke kwarara daga girar Haisam, farar shaddarsa ta rine. Masu adaidaita sun tsaya kallo, an rasa mai ƙarfin halin rabawa.

Wai duk a kan hoto ɗaya! Haisam malamin tarihi ne a Tarauni, mayen Zungeru, garin da Turawa suka yi hedikwata kafin Kaduna. Ko zance ya zo, rabin hirar tashar jirgin ƙasa ce da kangon gidan gwamna. A tone-tonensa ya ci karo da hoton Malam Bello, mahaifin Hajiya kakar Nusaiba, da sunansa a ƙasa. Ya taɓa jin cewa Hajiya ba ta da hoton ubanta, sai bawan Allah ya wanko shi ya kawo da murnarsa, saura sati uku ɗaurin aurensa da Nusaiba. Kai, ɗan boko! Bai san gidan nan kaf an tashi a kan cewa Malam Bello malami ne da ya ƙi Nasara ba. A hoton kuwa kakin 'yan sandan Bature ne a jikinsa, dorina a hannu, ga mutum ɗaure a gungume.

"Ka ce haɗa shi ka yi a kwamfuta!" Kabiru ya shaƙo wuyan rigarsa. "Ka faɗa gaban jama'a, ko auren nan ya mutu yau!"

"Masoyina, ka faɗa kawai..." Nusaiba na kuka. "Don Allah ka faɗa..."

"Ba zan iya ba, Nusaibata... gaskiya ce."

Kabiru ya fizge ta ya wurgar, goshinta ya daki ƙofar ƙarfe, ta ga wuta. Ya naɗe bel a hannun hagu ya shiga tafkar Haisam da ƙarfen bel ɗin, har haƙori ya faɗo ƙasa.

"Kabiru."

Hajiya ce, dogare da sanda. Ta daɗe tana kallon hannunsa.

"Haka yake naɗe ta. Shi ma da hagu."

Ta juya baya, ta zame mayafi daga kafaɗa. Tsofaffin tabo ne layi-layi, Nusaiba ba ta taɓa ganinsu ba.

"Ubana ne. Da Bature ya sallame shi, da dorinar ya dawo gida. Ni na ƙirƙiro muku malami, don kada wani cikinku ya gado shi. Ashe wahalar banza na yi."

Bel ɗin ya suɓuce daga hannun Kabiru.

"Hajiya, ni..."

"Rufe min baki! Tare adaidaita ka kai shi asibiti." Ta dubi Nusaiba da ke rungume da kan Haisam, jininsu ya cakuɗe. "Daina kukan, 'yar nan. Sati uku ya yi nisa, jibi Juma'a za a ɗaura. Mutumin da aka cire wa haƙori bai yi ƙarya ba, bai kuma rama ba, ni dai ban samu irinsa ba a gidan ubana."